Ku Tambayi Anti: Katun ɗin tsoho mai balan-balan

Tambaya: Salam Anti. Ɗana mai shekara 9 ya dame ni sai ya kalli wani katun wai shi Up tare da kakansa, wato Babanmu, shi kuma bara Mama ta rasu, har yanzu bai gama dawowa daidai ba. An ce min akwai mutuwa a ciki. In bar su ko in hana? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƴar uwa, Allah ya jiƙan Mama, ya ba Baba haƙuri. Ki bar su, amma ke ma ki zauna a wajen, musamman minti goman farko.

Fim ɗin na kamfanin Pixar ne, 2009 ya fito, har lambar yabon fina-finai ta Oscar guda biyu ya ci. A farkon nan ake nuna rayuwar Carl da matarsa Ellie tun yarinta, ga aure, ga rashin haihuwa, suna ta tara kuɗi a kwalba za su je Kudancin Amurka amma kullum sai wata lalura ta cinye kuɗin, yau taya ta fashe gobe bishiya ta faɗo kan rufi, har tsufa ya zo ta kwanta asibiti ta rasu, kuma wajen minti huɗu ba wanda ya ce uffan, kiɗa ne kawai. Wallahi ni da nake gani katun ne sai da na nemi gefen mayafi. In kin ga Baba ya yi shiru kar ki yi saurin kashewa, ki dai tambaye shi ko a ci gaba.

Daga nan dariya ce. Carl ɗan shekara 78, masifaffe, za a kai shi gidan tsofaffi, sai ya ɗaura wa gidansa dubban balan-balan ya tashi sama, ashe Russell, wani yaro ɗan sikawut mai surutun tsiya da ke neman bajon taimakon tsofaffi, yana maƙale a baranda. Tsohon nan korarsa yake ta yi, yaron ko a jikinsa, sak wasan jika da kaka.

Inda ya fi taɓa ni shi ne lokacin da yaron ke ba da labarin yadda da can babansa kan zauna da shi a bakin titi suna shan askirim suna ƙirga motoci ja da shuɗi, yanzu kuma baban ba ya da lokacinsa. A nan Carl ya gane ba shi kaɗai ne ke cikin kewa ba. Ranar ba da bajo uban bai zo ba, tsohon ne ya hau ya maƙala masa marfin kwalbar lemo da Ellie ta ba shi tun suna yara.

Tsakiyar fim ɗin kam akwai shirme, karnuka masu magana har da tuƙa jirgi, ni ban ga amfaninsu ba amma ɗanki zai so su. Babu batsa, sai ɗan tsoratarwa wajen ƙarshe. Turanci ne, don haka ki sa yaron ya riƙa fassara wa kakansa.