Injina ya ƙi yanka sitika mai kauri

Tambaya: Salam Malam. Ina aikin allon talla, injin yankan sitika na yana yanka sitika ta yau da kullum lafiya lau, amma da na sa mai kauri irin mai ƙyalli da dare ko robar nan da ake liƙa wa gilas kafin feshin yashi sai ya riƙa jagwalgwala min aiki, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, wani wajen kuma ya huda har takardar baya. Na ƙure fos, wato ƙarfin danna reza, amma a banza. Dan Allah mene ne mafita?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ai ƙure fos ɗin nan da ka yi shi ya ƙara dagula lamarin. Fara duba rezarka, ina kyautata zaton mai digiri 45 ce, ita kuwa ta sitika mara kauri ce. Abu mai kauri reza mai digiri 60 yake so, bakinta ya fi tsini, tana nutsewa ciki ta juya a kusurwa ba tare da ta ture robar gefe ba. In ka canza reza kar ka manta da ofset, wato saitin injin da ke daidaita juyin bakin reza a kusurwa, galibi milimita 0.25 ake sa wa ta 45, ta 60 kuma wajen 0.5, amma ka duba jikin kwalinta. Ofset in ya yi kaɗan kusurwa zagaye take fitowa, in ya yi yawa sai ka ga ta yi ɗan ƙaho.

Sai tsawon bakin, nan mutane da yawa ke kwafsawa, sai su zuro reza waje kamar za a yanka rago. Ciro mariƙin rezar daga injin, ka ja shi da hannu a kan ragowar sitikar, in ya raba sitika ya bar ɗan zane kawai a takardar baya to ya yi, in ya huda maida shi ciki kaɗan.

Ka rage gudu sosai, fos kuma kaɗan-kaɗan ake ƙarawa ana gwajin yanka a gefe, in har yanzu bai ratsa ba gara injin ya bi layin sau biyu da ka danne shi da ƙarfi ya karya maka baki. Naɗin robar nan nauyi gare shi, ka warware iya tsawon aikin tukuna don kar injin ya riƙa fizgowa layi ya goce.

Mai ƙyallin nan kuwa cin reza take kamar me, ka ware mata tata daban. Kuma kana gama yanka ka ɓare, musamman in ana zafi, don gam ɗin yakan koma ya haɗe. In duk ka yi wannan wani wajen yana yankuwa wani baya yi, leƙa siririyar robar da reza ke bi ta kanta a jikin injin, wataƙila ta yi rami, sai a canza ta.