Kwancin fari na sagara: amsa ga 'yata

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na ji kuna lafiya ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara rufin asiri.

Kin ce sagarar da surukarki Hajiya ta ba ki ta tara ƙwai 11 ta fara kwanci, Hajiyar kuma ta ce a kwashe rabi a bar mata biyar ko shida, a zana wa waɗanda aka bari gawayi, kuma kada a kuskura a sa mata ƙwan zabin da kika sayo. Kina tambayata ko duk wannan camfi ne irin na mutanen da.

Ki bi maganar Hajiya. Camfi kam akwai shi a harkar kaji. Mu da muna yara ana ce mana yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama, alhali so ake a bar ƙwan ya zama kaza. Amma wannan da ta gaya miki sanin kiwo ne, dalilinsa ne kawai ba ta tsaya ta warware miki ba.

Sagara jikinta bai gama buɗewa ba. Abin da ke dafa ɗan tsako a cikin ƙwai ɗumin ƙirjin uwa ne, shi ya sa za ki ga ta fige gashin wurin da kanta don fata ta taɓa ɓawo. Idan ƙwai ya fi ƙarfin fukafukanta, na gefe ya sha sanyi. Ita kuwa kullum tana juya su da baki, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya dawo tsakiya, sai ki tarar kowanne ya sha rabonsa na sanyin. Garin neman 11 sai a tashi da biyu, sauran duk baragurbi. Babbar kaza da ta saba tana rufe 10 zuwa 12 ba wahala, sagara kuwa shida sun ishe ta. Ki zaɓi manya masu santsin ɓawo, waɗanda ta saka a ƙarshe. Na farkon ƙanana ne, kuma sun daɗe a ajiye, ƙwai kuwa in ya wuce mako ɗaya zuwa kwana 10 kafin a kwanta masa, ƙarfinsa raguwa yake, balle da bazara. Waɗancan ki soya wa yara. Kada ki wanke wanda za a kwanta wa, ko da kashi a jikinsa, ki kankare da busasshen tsumma.

Gawayin kuma saboda sauran kaji ne. Da zarar ta tashi cin abinci, wata za ta faɗa gurbin ta saka nata. Kwanci kwana 21 ne, wanda aka ƙara a rana ta biyar ba zai fashe tare da 'yan uwansa ba, uwa za ta tashi da 'ya'yanta ta bar shi. Duk wanda kika gani ba zane, ki ɗauke.

Maganar zabi ita ce babba. Zabuwa da damina take saka ƙwai, a jeji ko cikin ciyawa, kuma ba ta iya reno ba, jan 'ya'yan take cikin raɓa har su mutu. Shi ya sa tun kaka da kakanni kaza ake ba wa aikin. Sai dai ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na agwagwar gida kuwa har 35. Sagarar da ba a san haƙurinta ba tana iya gajiya a kwana 10 ta kama gabanta, ta bar ki da asarar kuɗinki. Wannan kwancin gwaji ne. In ta zauna ta cika, ta fito da 'ya'ya ta tsare su, a karo na gaba ki ba ta na zabi hankali kwance. In kuma za ki haɗa iri biyu a gurbi ɗaya, na zabi ake fara sawa, bayan mako ɗaya a ƙara na kaza, sai su fashe tare. Wanda kika riga kika sayo, ki nemi maƙwabciya mai tsohuwar kaza da ke kwanci ku yi yarjejeniya, kada ya lalace a hannunki.

Kin ambaci cewa kajin gidan gonar maigidanki ba sa kwanci. Haka aka yi su. Irin su Shika Brown da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, can Zariya, don ƙwai aka zaɓe su, inji ke ƙyanƙyashe su. Kazar Hausa ba ta ƙwai da yawa, amma ita ce injinki.

Yanzu abin da ya rage miki shi ne ki ƙyale ta. Ki zuba toka ƙarƙashin shimfiɗar gurbin saboda ƙuma, don ƙuma ya fi komai tayar da kaza daga kan ƙwai. Ki ajiye hatsi da kaskon ruwa kusa, za ta sauko sau ɗaya a yini, ta ci, ta yi birgima cikin ƙasa ta koma. Ki hana yara leƙe. Bayan mako ɗaya, da dare, ki haska kowane ƙwai da fitilar waya: mai rai za ki ga jijiyoyi ja a ciki, wanda ya fito fes ba komai ki cire shi kafin ya ruɓe ya fashe. Kwana uku na ƙarshe ba ta tashi, kada ki ɗaga ta, kuma kada ki ɓare wa ɗan tsako ɓawo don tausayi, jini zai zuba.

In sun fito, kwana na farko ba sa bukatar ci, kwanduwar da suka haɗiye tana riƙe su. Daga nan ki ba su tsakin gero, da gara in ana samu a wajenku, ruwan kuma ki sa tsakuwa a ciki kada su nutse. Ki kife su da uwar a babban kwando ko akurki na makonni, don sagara ba ta san shirwa ba tukuna, muzuru kuma da dare yake zuwa. Kafin hunturu ya shigo ki je wurin malamin dabbobi a ɗiga musu rigakafin annobar nan da ke share kaji, cibiyar Vom ta Filato tana yin sa, kuma ba shi da tsada.

Abu ɗaya da ban yarda da mutanenmu a kansa ba: in ana so kaza ta bar kwanci, wasu kan soka mata gashi a hanci. Zalunci ne. A kwashe ƙwan, a tsare ta kwana uku a wuri mai haske da iska, ta manta.

Ki gaishe min da Hajiya da kyau. In sun ƙyanƙyashe ki turo min hoto, kuma ki ware wa ƙaramarku mace ɗaya ta zama tata.

Goggonki.