Tambaya da Amsa: Lambar da ake kankarewa a kwalin magani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin wani wuri a rufe, kamar na katin waya, a kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro. An ce a kankare a tura lambar. Da gaske hakan yana tabbatar da ingancin magani? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana taimakawa ƙwarai, amma yana da iyaka. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ita ce ta fara wannan tsari a 2010 don daƙile jabun magunguna. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Ki yi gwajin a gaban mai kemis. Da farko ki duba ko an riga an kankare wurin. In an taɓa shi, ki mayar. Ki kankare a hankali da gefen kwabo, don wuƙa ko reza kan goge wasu lambobin. Sai ki tura lambar ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da ke jikin kwalin, kamar 38353. Kyauta ne, kuma ƙaramar waya ta isa, ba sai da data ba. Idan amsa ta zo, ki gwada sunan maganin da ke cikinta da wanda ke hannunki.

Inda ake samun cikas: sabis kan riƙe amsa, musamman a ƙauye, kuma da Turanci take zuwa. In aka ce ba a san lambar ba, ki sake dubawa, wataƙila kin tsallake ɗaya. In aka ce an riga an yi amfani da ita, kada ki ba yaro wannan magani, don masu jabu kan kwafi lamba ɗaya su buga a kwalaye da yawa. Ki ajiye kwalin ki kai rahoto ofishin NAFDAC.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiya. Lambar ba ta san ko maganin ya yi watanni cikin zafin rumfar kwano ba, alhali yawancin irin waɗannan magunguna ba a so zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30. Haka kuma ba ta nuna abin da ke damun yaro. A fara gwajin jini tukuna. Yaron da ke jijjiga, ko yana aman duk abin da ya ci, ko ya kasa shan nono, a garzaya da shi asibiti.