Rage tsayin mota mai gudu a titunan Sakkwato: ya dace ko bai dace ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Arkilla, kuma ina da Mercedes-AMG C43 ƙirar 2018. Tazarar da ke tsakanin taya da jikin motar ba ta yi mini kyau ba, ina so a sauke ta ƙasa kaɗan. Wani bakanike ya ce zai yanke mini sifirin cikin sauƙi. Shin hakan zai ƙara mata kama titi, kuma akwai illa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada ka bari a yanke sifirin ɗin nan, kuma kada ka bari a gasa shi da wutar walda don ya lotsa. Sifirin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya gocewa idan taya ta faɗa rami, sannan da wuya ɓangarorin biyu su zo tsayi ɗaya. Wanda aka gasa kuwa ƙarfensa ya riga ya lalace, karyewarsa lokaci kawai take jira.

Game da kama titi, gaskiya ne cewa idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa tana rage karkata a kwana. Sai dai C43 ba kamar 'yar uwarta C300 ta yau da kullum ba ce. Masu ƙera ta sun riga sun ba ta sifirin mai tauri da shokazoba da kwamfuta ke sarrafawa, wadda ke sauya tauri gwargwadon yanayin tuƙin da ka zaɓa. An auna wannan shokazoba ne don ta yi aiki a wani tsayi ƙayyadadde. Idan aka sauke motar da santimita 3, an cinye santimita 3 daga filin da taya ke da shi na hawa sama kafin ta daki robar da ke tare ta. A kan kwalta mai santsi ba za ka ji komai ba, amma a inda titi ya farfashe motar za ta riƙa dukan wannan roba, taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, kuma tayar da ba ta ƙasa ba ta riƙe kwana, ba ta kama birki. Wato a titi marar kyau, motar da aka sauke fiye da kima ta fi ta asali rashin kama hanya.

Abu na biyu shi ne saitin ƙafafu. Da zarar motar ta sauka, saman tayoyin zai karkata zuwa ciki, gefen ciki ya riƙa cinyewa alhali gefen waje yana nan kamar sabo, har wayar da ke cikin tayar ta fito ba ka lura ba. A wannan samfurin ba a yi wa ƙafar baya wurin gyara wannan karkata ba, sai an sayo hannayen ƙafa ko bushin (robobin da ke mahaɗar hannayen ƙafa) na musamman. Ka haɗa wannan da zafin kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a kan doguwar hanya kamar ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, ka ga tayar da gefenta ya suɗe ba abin wasa ba ce. Idan rim ɗinka mai inci 19 ne, kaurin gefen tayar bai wuce kimanin santimita 9 ba, don haka duk dukan da ƙafa ta kasa shanyewa a kan rim yake ƙarewa.

Akwai kuma na'urori. Fitilun gaba suna daidaita haskensu ne da na'urar da ke auna tsayin motar, don haka dole a sake saita ta, in ba haka ba hasken ya faɗi kusa ko ya kashe wa masu tahowa ido. Idan motarka tana da radar a gaba da kyamara a bayan gilashi, su ma ana so a sake saita su da kwamfuta, kuma ba kowane gareji ne ke da kayan wannan aiki ba. Ka tambaya tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

A ganina, mai zama a Sakkwato da ke hawa motarsa kullum asararsa ta fi ribarsa. Ka dubi tudun rage gudu da ake ginawa a unguwanni ba tare da awo ba, da hawan ƙofar gida da ke kan kwalbati, da ruwan da ke kwanciya a wurare irin su Mabera da damina. Bamba da salansa da murfin ƙarƙashin inji su ne za su fara biyan kuɗin kwalliyar.

Idan duk da haka ka yanke shawarar yi, to ka tsaya a santimita 2 zuwa 2.5, ka sayi sifirin da aka ƙera wa C43 mai 4MATIC (tsarin da inji ke juya tayoyi huɗu duka) takamaimai, daga kamfanoni irin su H&R ko Eibach na Jamus, domin sun dace da shokazobar asali. Akwai saitin shokazoba mai zare da ake murzawa a ɗaga ko a sauke, irin na KW ko Bilstein, amma ya fi tsada sosai, kuma yawancinsu suna raba ka da sarrafawar kwamfuta, har allo ya riƙa nuna gargaɗi sai an ƙara wata 'yar na'ura. Kafin a saka komai a duba ko shokazoba tana yoyo da ko bushin ya tsage, domin motar 2018 da ta sha hanya ba lallai ne ƙafarta ta zama lafiya ba. A ɗaure ƙusoshin bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta, ba tana rataye ba. Ka yi saitin ƙafafu nan take, ka sake dubawa bayan mako biyu idan sifirin ya zauna. Tsofaffin sifirin kuma ka adana su, domin ranar da za ka sayar da motar mai saye zai fi son ta a tsayinta na asali.