Me Peter Drucker ya bari da har yanzu ake amfani da shi?

Tambaya: Malam, ina karatun harkokin kasuwanci a jami'a, kuma kusan kowane malami sai ya ambaci Peter Drucker. Mutumin nan ya daɗe da rasuwa. Me ya faɗa da har yau ake kafa hujja da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, an haifi Drucker a Viyana ta ƙasar Ostiriya a 1909. Ya yi aikin jarida a Jamus, ya bar ta a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ya zauna Ingila, sannan ya koma Amurka a 1937. A Kalifoniya ya rasu a 2005.

Sunansa ya fito ne bayan kamfanin motoci na General Motors ya buɗe masa ƙofa a 1943 ya yi nazarin yadda ake tafiyar da shi. Littafin da ya fitar a 1946 bai yi wa shugabannin kamfanin daɗi ba, domin ya ce a riƙa jin ta bakin ma'aikata, a ba su amanar aikinsu.

A littafinsa na 1954, The Practice of Management, ya ce manufar kasuwanci ita ce samar da abokin ciniki. Riba wajibi ce, da ita kamfani ke rayuwa, amma tana biyo bayan biyan buƙatar mai saye. A nan ne kuma ya kawo tsarin gudanarwa ta hanyar manufofi: shugaba da ma'aikaci su zauna su yarda da abin da za a cimma, sannan a bar ma'aikacin ya auna kansa. Abin da ke ba ni takaici, ma'aikatu da yawa sun ɗauki rabin farko sun yar da na biyu. Sai a jefo wa mutum adadi daga sama, a ce wai tsarin Drucker ne.

Amma in ka tambaye ni, tunaninsa mafi amfani shi ne na watsar da abin da ya tsufa. Ya ce kowace ma'aikata ta riƙa tambayar kanta lokaci-lokaci: da ba mu riga mun fara wannan aiki ba, za mu fara shi yau? In amsar a'a ce, a nemi hanyar barinsa. Da wuya, domin mutane kan riƙe tsohon aiki saboda kuɗi da gumin da suka zuba, kuma ƙwararrun ma'aikata su ake turawa ceton abin da ya riga ya mutu. Jack Welch, da ya karɓi ragamar kamfanin General Electric na Amurka a 1981, ya yi aiki da wannan tambaya, ya ƙudurta cewa duk sashen da bai zama na ɗaya ko na biyu a kasuwarsa ba, a gyara shi, a sayar, ko a rufe.