Tsohuwar ƙaramar bindigar toka: shekarunta da harbinta

"Maigida, ƙaramar bindigar tokar nan da aka kawo daga Tudun Wada, yaya za a gane shekarunta? Kuma za ta ɗauki albarushi?"

Ajiye ta tukuna, ɗana, bakinta na kallon bango. Zura sandar ɗuri cikin bututun, ka yi alama daidai baki, ka zaro ka gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai ɗuri a ciki, kuma albarushin da ya shekara ɗari a bushe yana tashi.

Shekaru kuwa, fara da abin da ke kunna wuta. Mai ƙanƙara ita ce ta dā. Mai hular tagulla, wato 'yar hular da ake bugawa ta kunna albarushi, ta bazu tsakanin 1820 da 1840. Sai dai kada ƙanƙara ta ruɗe ka, don Turawa sun ci gaba da ƙera irinta saboda kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20. Wata kuma an haife ta da ƙanƙara aka mayar da ita mai hula, za ka ga ramukan kusoshi da aka toshe a gefe. Hatimin gwaji, wato alamar da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bututu, da ke gindinsa ya fi faɗin gaskiya. Sanduna biyu a gicciye da kambi da haruffan BCP, na Bamingam ne a Ingila, daga 1813 zuwa 1904. ELG cikin zagaye mai siffar ƙwai na Liyej ne a Beljiyam. In da kambi a kansa, ba ta riga 1893 ba. Rubutun TOWER, alamar bindigogin gwamnatin Ingila, shi kaɗai ba shaida ba ne, an sha buga shi a kan na kasuwa.

Harbi kuma, ni dai na fi so a rataye ta. Bututun da aka murɗa aka haɗa a maƙera tsatsa kan ci shi ta cikin haɗin, inda ido ba ya kai. Doka ma ta fi tsananta wa ƙaramar bindiga fiye da adakar 'yan bindigar Sarkin Zazzau, sai da lasisi.

In duk an cika wannan, baƙin albarushi kaɗai za ka zuba. Garin harsashin zamani, ko kaɗan ne, fasa ta zai yi. Giram ɗaya a ma'auni ya isa farawa, kuma kada ka tsiyaya daga gora kai tsaye, wataƙila da sauran garwashi a cikin bututun. Danna dalmar har ta zauna kan albarushi. In ka bar iska tsakani, bututu ya kumbura ko ya tsage. Harbin farko a ɗaure ta jikin gungume, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan katanga. In ta ƙi tashi, a bar ta minti ɗaya cur kafin a matsa kusa.

Ran nan kuma ka wanke bututun da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai. Tokar tana jan laima, balle da damina.