Kwana 2 muka yi sun rubuta 5, in sa hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a nan Katsina, ina cikin inshorar lafiya ta NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. An kwantar da yarona a wani asibitin kuɗi, kwana 2 muka yi aka sallame mu, amma takardar da suka miƙo mani in sa hannu kwana 5 ta nuna, har da hoton ciki da ba a yi mashi ba. Da na yi magana sai ma'aikacin ya ce wai Hajiya ai ba ke za ki biya ba. Dan Allah in sa ko kar in sa?
Wata uwa daga Ƙofar Marusa

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kar ki sa, sai sun gyara. Kuma wallahi maganar nan ta ba ke za ki biya ba tana ƙona mani rai, to kuɗin waye? Asusun nan na ma'aikata ne da iyalansu, duk abin da aka yashe da ƙarya shi ne gobe za ki je a ce maki babu magani, je ki saya a kemis.

Kin ga yadda abin yake, ƙananan ciwuka kuɗinsu ana tura wa asibiti ne duk wata bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, amma manyan ayyuka irin su tiyata da wasu gwaje-gwaje sai asibiti ya rubuta bil ya tura wa kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakanin NHIA da asibiti wajen biyan kuɗi, a biya shi, to nan ɓarakar take. Masu bincike in sun zo bil ɗin suke ɗorawa kan fayil ɗin mara lafiya, su duba takardar da nas take rubuta awon zafi da lokacin allura, su duba rajistar ɗakin hoto. In babu sunan yaronki a ranar, asiri ya tonu. Amma sa hannunki shaida ce a gare su cewa an yi. Ga kuma hatsarin a cusa sakamakon ƙarya a fayil ɗin yaro, wani likita ya zo ya yi aiki da shi.

A Amurka tun 1863 suke da dokar hukunta masu kai wa gwamnati bil ɗin ƙarya, yanzu wanda aka kama ninki 3 yake biya ga tara, wanda ya tona kuma ana ba shi kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Mu nan NHIA tana iya sa asibiti ya maido da kuɗi, ta dakatar da shi ko ta cire shi daga tsarin. Ni dai a ganina maido da kuɗi kawai bai isa ba, in abin da ka ɗauka kaɗai za ka mayar ai ba ka yi asarar komai ba, gobe ma za ka sake.

Ki ɗauki hoton takardar da wayarki, ki rubuta ranar kwanciya da ta sallama, ki kai ƙorafi a rubuce ofishin NHIA na Katsina, ki sanar da HMO ɗinki. Ma'aikatan jiha kuma KTSCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Katsina, za su nufa.